Ɗan Wanzamin da Ya Zana Teku

A shekarar 1795 gwamnatin Ingila, wadda yaƙi da Faransa ke cinye mata baitulmali, ta ɗora haraji a kan farar hodar da manyan mutane ke barbaɗawa a hular gashi. Duk mai son ci gaba da wannan ado sai ya biya fam ɗaya da sule ɗaya a shekara. Dama yayin ya soma tsufa, harajin ya ƙarasa shi. Cikin waɗanda kasuwarsu ta faɗi har da wani wanzami mai suna William Turner, mai shago a wani matsattsen lungu da ake kira Maiden Lane, dab da kasuwar kayan lambu ta Covent Garden a Landan. Aski yake yi, yana kuma haɗa hulunan gashi da gyara su. Bai daɗe yana kukan ciniki ba, domin ɗansa mai shekara 20 ya riga ya kama hanyar fin sa samu. Bayan 'yan shekaru tsohon ya rufe shago ya koma yaron ɗansa. Shi ke miƙe ƙyallen zane a jikin katako, shi ke yi masa shafen farko, shi ke kula da girki da buɗe wa masu saye ƙofa, har ya rasu a 1829.

Ɗan nan shi ne Joseph Mallord William Turner, wanda aka haifa a 1775, wanda kuma Turawan Ingila ke ɗauka a yau a matsayin gwanin gwanayensu wajen zanen ƙasa da sama da teku. Tun yana yaro uban ke rataye zane-zanensa a tagar shago yana sayar wa masu zuwa aski a kan 'yan sulalla. Gidan ba mai daɗi ba ne. Ƙanwarsa ta rasu tana ƙarama, uwar kuma, 'yar gidan mahauta, taɓin hankali ya kama ta yana ta tsananta har aka kai ta asibitin Bethlem a 1800, can ta mutu a 1804. Turner bai cika ambatonta ba har ƙarshen ransa. Yana ɗan shekara 10 aka tura shi wajen kawunsa a Brentford, a bakin kogin Thames, daga baya kuma Margate, a bakin teku. A 1789, yana da shekara 14, makarantar Royal Academy ta karɓe shi, shekara ta zagayo aka rataye zanensa na farko a bajekolinta.

Sai an san yadda sana'ar zane take a Landan ta wancan lokaci kafin a gane mutumin. Sana'a ce mai hawa-hawa. A can sama akwai masu zana labaran Baibul da tatsuniyoyin Girka da Rum, su ne masu daraja ko da aljihu babu nauyi. Masu zana fuskokin attajirai da matansu su ke kwashe kuɗin. Mai zana tsauni da kogi da tsohon coci yana can ƙasa, kusan ɗaya yake da mai zana taswirar gini, kuma a wajen irin waɗannan Turner ya fara ƙwadago, yana cika musu sararin sama da itatuwa a bayan zanen gidaje. Abin da ya ɗaga wannan reshe shi ne yaƙi. Daga 1793 zuwa 1815, in ban da ɗan taƙaitaccen sulhu, 'ya'yan masu kuɗin Ingila ba su da halin yawon buɗe ido zuwa Italiya kamar iyayensu, sai suka juya ga duwatsun Wales da tafkunan arewa da kangayen gidajen ibada na ƙasarsu. Masu buga littattafai suka ga kasuwa. A sa mai zane ya je ya zano wuri, a ba masassaƙi ya karce shi a farantin tagulla, a buga ɗaruruwa a sayar.

Turner ya tsara shekararsa a kan wannan ciniki, bai kuma sake tsarin ba kusan shekara 50. Da bazara ya ɗauki jaka da ƙaramin littafin zane ya shiga ƙasa, a ƙafa ko a keken doki ko a kwalekwale, yana ɗauko siffar wurare da fensir cikin sauri. Da sanyi ya kulle kansa a ɗaki ya mayar da su zanen sayarwa. Fentin ruwan da ya fara yin suna da shi ba wani abu ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, wannan dai ƙaron da malamanmu ke sawa a tawada, kuma a zamaninsa yawancin wanda ke isa Turai daga yankin kogin Senegal ake ɗauko shi. Yana jiƙa takarda sharkaf, ya zuba launi, ya goge da tsumma, ya karce da farcen babban yatsansa da ya bari ya yi tsawo don wannan aiki.

Kuma ya san kuɗi. Ana ba da labarin ya taɓa cewa ubansa bai taɓa yaba masa a kan komai ba sai in ya adana rabin kobo. Yakan ja ciniki da masassaƙa a kan 'yan sulalla har a ɓata. A 1804 ya buɗe ɗakin baje kolinsa na kansa don kada ya dogara da kowa. Gajere ne, mai jan fuska da babban hanci, harshensa na 'yan kasuwar Landan ne bai taɓa gyara shi ba. Da aka naɗa shi malamin ilimin nisa da kusa a zane a 1807, sai ya zamana ɗalibai ba sa jin abin da yake gunguni, zanen da ya kawo don misali kawai suke zuwa kallo. Amma ya zama cikakken ɗan Academy tun 1802 yana da shekara 26, kuma babu wanda ya isa ya ce bai cancanta ba.

Zanensa na farko da fentin mai, wanda ya nuna a 1796, masunta ne a teku da dare: ƙaramin kwalekwale a kan taguwa, farin wata a sama, 'yar fitila tana lilo a cikin jirgin. Mu da muka tashi a tudu, nesa da gaɓa, mukan ɗauki teku a matsayin abin kallo, wurin da ake tsayawa a yi tasbihi a ɗauki hoto. Ni ma haka na fara kallon ayyukan Turner, ina neman kyau kawai. Ga Baturen Ingila na 1800 kuwa teku gona ce, kasuwa ce, fagen fama ne, kuma maƙabarta. Sukari da auduga da shayi ta nan suke shigowa, ta nan ake tsoron Napoleon zai ɓullo, kuma da wuya a sami unguwa a bakin Thames da ruwa bai ci mata ɗa ba. Masana suna sa Turner a sahun masu zanen da suka fifita tsoro da motsin zuciya da ƙanƙantar ɗan Adam a gaban halitta, kuma haka ne. Sai dai a tekunsa kusan kullum akwai wanda ya fito neman abinci.

Ya kuma san jirgi da idonsa. Da aka yi sulhun 1802 ya ƙetara zuwa Faransa a karon farko, ya rubuta a littafinsa cewa saura kaɗan ruwa ya kifar da su a mashigar Calais, shekara mai zuwa ya mayar da wannan tashin hankali babban zane. A Disambar 1805, da jirgin yaƙi Victory ya dawo daga yaƙin Trafalgar ɗauke da gawar Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila a yaƙin, Turner ya hau cikinsa da fensir yana tambayar matuƙa inda kowa ya tsaya. Duk da haka, da Sarki George na Huɗu ya sa shi zana wannan yaƙi, tsofaffin hafsoshin ruwa suka yi masa ca, wai ya haɗa abubuwan da suka faru a sa'o'i daban-daban a wuri guda. Gaskiyarsu. Shi abin da yake so ya nuna shi ne mutanen da ke nutsewa a gaban hoton, su kuma tuta da igiya suke ƙirgawa. Bayan 'yan shekaru aka cire zanen daga fada aka kai Greenwich.

Akwai wata al'ada ta Royal Academy da ta fi kowace fito da halinsa. Kafin a buɗe bajekolin shekara, akan ba 'yan ƙungiya 'yan kwanaki su zo su shafa wa zanensu man ƙyalli bayan an rataye shi, su ɗan gyara abin da ya kauce. Zane-zanen a cunkushe suke daga ƙasa har rufi, kowanne yana gogar ɗan'uwansa, don haka launin maƙwabcinka na iya kashe naka. Turner ya mayar da kwanakin nan dandalin nuna bajinta. A 1832 aka rataye wani zanensa na teku, mai launin toka-toka marar hayaniya, kusa da babban zanen John Constable na bikin buɗe gadar Waterloo, wanda Constable ya fi shekara 10 yana fama da shi, ya cika shi da ja da ruwan zinariya. Turner ya shigo ya tsaya a bayansa yana duban wannan yana duban wancan. Ya fita ya ɗauko fenti, ya ɗiga jan ɗigo guda, wanda bai fi sule girma da yawa ba, a tsakiyar tekunsa, ya yi tafiyarsa bai ce uffan ba. Nan take duk jan Constable ya dushe. Constable ya ce wa wani abokinsu mutumin nan ya shigo ya harba bindiga ya fita. Sai daga baya Turner ya dawo ya mayar da ɗigon tulun alamar da ke yawo a kan ruwa. Mugunta ce, ba shakka, amma muguntar wanda ya san aikinsa.

Haka a 1835. A daren 16 ga Oktoban 1834 gobara ta cinye majalisar dokokin Ingila, sanadiyyar ƙona tsofaffin sandunan lissafin baitulmali a murhun ƙarƙashin ginin, Turner kuma yana cikin dubban da suka tsaya kallo a bakin kogi. Da lokacin wani bajekoli ya zo sai ya aika ƙyalle da kusan babu komai a kansa. Ya zo da sassafe ya tsaya a gabansa wuni guda, hancinsa kusan yana taɓa fentin, yana aiki da buroshi da wuƙa da yatsu, mutane na kallo. Da ya gama ya rufe akwatinsa ya fice ta gefe, ko ja da baya bai yi ba don ya duba abin da ya yi.

Zanen da 'yan ƙasarsa suka fi ƙauna na 1839 ne. Temeraire jirgin yaƙi ne mai igwa 98 wanda ya bi bayan Victory a Trafalgar. A 1838 rundunar ruwa ta sayar da shi ga wani mai farfasa jirage a kan fam 5,530, aka jawo shi daga Sheerness zuwa Rotherhithe don a mayar da shi katako. Turner ya zana shi fari fat kamar fatalwa, da dogayen sandunansa a tsaye, wani ƙaramin baƙin jirgin tururi yana jan sa yana aman wuta da hayaƙi, rana tana faɗuwa a gefe. A zahiri an riga an cire sandunan kafin tafiyar, jiragen ja biyu ne ba ɗaya ba, ranar ma ba ta wannan ɓangaren take faɗuwa ba. Yawancin masu sharhi suna karanta hoton a matsayin makoki, tsohon zamani mai daraja a hannun sabon zamani mai ƙazanta. Ban gamsu da wannan ba gaba ɗaya. Mutumin da ke hawan jirgin tururi zuwa Margate duk lokacin da ya samu sarari, wanda a 1844 ya zana jirgin ƙasa yana keta ruwan sama a kan gadar Maidenhead da zomo yana gudu a gabansa, ba maƙiyin inji ba ne. A ganina ƙaramin baƙin jirgin nan shi ya fi komai rai a hoton. Turner ya ƙi sayar da zanen ko nawa aka taya. Yau shi ne a bayan takardar fam 20 da aka fitar a 2020, tare da fuskar mai shi.

Shekara guda bayan Temeraire ya rataye zanen da ya fi shafar mu. Sunan da ya ba shi dogo ne, ma'anarsa masu fataucin bayi suna jefa matattu da masu gargara cikin ruwa ga guguwa tana tasowa. Abin da ido ke fara gani rana ce, ja da ɗorawa, ta tsaga tsakiyar hoton kamar an yanka sama. Jirgin yana can gefe yana shiga hadari. Sai mutum ya sauke ido ƙasa sannan ya ga hannaye sun ɓullo daga ruwa, ga sarƙoƙi, ga wata ƙafa baƙa da mari a idon sawunta, kifaye da tsuntsaye sun yi mata rubdugu.

Labarin da aka fi dangantawa da shi na jirgin Zong ne, mallakar wasu 'yan kasuwar Liverpool. Ya tashi daga Accra a Agustan 1781 da mutum 442 a cikinsa, fiye da ninkin abin da ya kamata ya ɗauka. Matuƙan suka yi kuskuren hanya suka wuce Jamaica, ruwan sha ya yi ƙasa, cuta ta shiga. Dokar inshora ta lokacin ta ce bawan da ya mutu da ciwo asarar mai jirgi ce, wanda aka jefa a ruwa don ceton sauran kaya kuwa kamfanin inshora ne zai biya, fam 30 kowane kai. Daga 29 ga Nuwamba, cikin 'yan kwanaki, aka jefa fiye da mutum 130 da ransu, aka fara da mata da yara. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar wa zai biya aka yi, kuma babban alƙali Mansfield ya faɗi a fili cewa masu taya shari'a sun ɗauki lamarin daidai da a ce dawakai aka jefar. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya taɓa zama bawa, shi ya kai labarin ga Granville Sharp, mai fafutukar hana bauta, daga nan ya zama makami a hannun masu yaƙi da cinikin. Ba a hukunta kowa ba. Wasu masana kuma suna ganin Turner abin da ke faruwa a 1840 ɗin yake nufi, domin bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, jiragen wasu ƙasashe sukan zubar da mutane a ruwa idan jiragen sintirin Ingila suka biyo su a gaɓar Afirka ta Yamma. A bazarar 1840 ɗin ce aka yi babban taron duniya na yaƙi da bauta a Landan.

Ga inda abin yake tsaya mini a wuya. A 1805, yana da shekara 30 kuma aljihunsa ya fara nauyi, Turner ya sa fam 100 a wani shirin sayen gonar kiwo a Jamaica, wadda takardar shirin ta bayyana cewa bayi za a saya su yi aikinta. Shirin ya rushe. Mai yiwuwa shekara 35 sun canza masa zuciya, kuma babban amininsa Walter Fawkes ɗan siyasa ne mai adawa da cinikin bayi. Amma mai zanen nan ya taɓa zama a ɓangaren masu lissafin riba, kuma ina jin shi ya sa ya fahimci cewa abin da ya jefa mutanen nan a ruwa ba guguwa ba ce. Abu na biyu shi ne kyan hoton. Ya yi kyau har ya wuce kima, kuma mutanen da ke mutuwa a cikinsa ba su da fuska, gaɓoɓi ne kawai. John Ruskin, matashin da ya fi kowa kare Turner, wanda ubansa ya saya masa wannan zane kyauta a 1844, ya rubuta shafi guda yana kambama launin ruwan da hasken, ya bar maganar cewa jirgin bayi ne a ɗan rubutun ƙasan shafi. Ya zauna da shi shekara 28 kafin ya ce ya yi masa nauyin zama da shi, ya sayar wa wani Ba'amurke. Tun 1899 yana gidan adana zane na Boston.

Wani abin da ba a cika ambata ba: Turner bai taɓa aure ba, amma ana ɗauka shi ne uban 'ya'ya mata biyu na wata bazawara, Sarah Danby. Babbar, Evelina, ta auri Joseph Dupuis, wakilin Ingila da ya je Kumasi a 1820 zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, mai jin Larabci, wanda ya zauna da Musulmin birnin yana tambayarsu hanyoyin fatauci na arewa. Turner kansa bai taɓa taka Afirka ba.

Daga nan zanensa ya yi ta narkewa. Gaɓa da ruwa da sama suka daina rabuwa, rana ta koma farin tabo a cikin ƙura mai ɗorawa, irin yadda muke ganinta da hantsi idan hazon hunturu ya sauka. 'Yan jarida suka ce ciwon shawara ya kama shi. A 1842 ya nuna jirgin tururi a tsakiyar guguwar ƙanƙara, komai yana juyawa kamar mai kallo ne ke cikin jirgin, wani ya kira shi kumfar sabulu da farar ƙasa. Turner ya ce ya sa matuƙa sun ɗaure shi a sandar jirgi awa huɗu don ya ga guguwar da idonsa. Masu bincike ba su sami abin da ya tabbatar da haka ba, kuma dattijo mai shekara 60 da ɗoriya ne ke maganar. Ni na ɗauke ta a matsayin amsar mai sana'a da aka taɓa masa zuciya.

A 1846 ya koma wani ƙaramin gida a Chelsea, a bakin kogi, tare da Sophia Booth, bazawarar da yake sauka a gidanta a Margate. Maƙwabta sun san shi da sunan mijinta, wasu suna zaton tsohon hafsan jirgin ruwa ne. Abokansa na Academy ba su san inda yake kwana ba. Gidansa na Queen Anne Street kuwa rufi yana yoyo a kan zane-zanen da ya ƙi sayarwa, kyanwoyi suna yawo a kansu. Ya rasu ranar 19 ga Disamba 1851 yana da shekara 76, aka binne shi a cocin St Paul.

Ya bar dukiya ta kusan fam 140,000. Wasiyyarsa ta ce kammalallun zanensa na ƙasa ne, da sharaɗin a gina musu ɗaki a ajiye su tare, kuɗin kuma a gina gidan da zai riƙe masu zanen da tsufa da talauci suka kayar. Ya gindaya cewa sai maza, haifaffun Ingila, kuma 'ya'yan aure, sharaɗin da 'ya'yansa na cikinsa ba za su tsallake ba. 'Yan'uwan ubansa, waɗanda bai damu da su ba yana raye, suka garzaya kotu. A 1856 aka sasanta: dangi suka kwashe yawancin kuɗin, Academy ta sami fam 20,000, ƙasa kuma ta karɓi duk abin da aka tarar a ɗakin aikinsa, gamamme da wanda bai gama ba, zanen mai kusan 300 da takardu wajen 30,000. Da yawa daga waɗanda ake yi wa layi a yau, masu kama da hayaƙi da haske zalla, suna cikin waɗanda shi bai taɓa nufin kowa ya gani ba. Ambaliyar Thames ta 1928 ta shiga ɗakin ƙasa na gidan zane na Tate ta jiƙa wasu daga cikin takardun. Ɗakin da ya roƙa sai a 1987 aka buɗe shi, shekara 136 bayan mutuwarsa. Gidan tsofaffin masu zane kuwa ko tubalinsa ba a aza ba.